A Nemi Sanin Aiki a Laburare Tun Kafin a Nemi Aikin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni fili domin in ja hankalin ɗaliban manyan makarantunmu, da iyayensu, da kuma shugabannin makarantun, game da wani amfani na ɗakin karatu da aka yi wa riƙon sakainar kashi, wato binciken aikin da ɗalibi yake fatan ya rayu da shi bayan ya kammala karatu. Na daɗe ina koyarwa, kuma abin da na lura da shi shi ne, yawancin matasanmu suna zuba shekara huɗu ko biyar da dukiyar iyayensu a kan hanyar da ba su taɓa zama sun bincika inda ta nufa ba, alhali kuwa takardun da za su amsa musu wannan tambaya suna nan a ajiye cikin ginin da suke wucewa ta gabansa kullum.

Duk wanda ya leƙa laburaren wata jami'a ko kwaleji ana saura mako biyu jarrabawa zai tarar da shi cike maƙil, babu masaka tsinke. Jakunkuna sun cika ma'ajiyar bakin ƙofa, wasu sun yi sammako sun ɗora littattafai a kan kujeru domin kama wa abokansu wuri, kowa ya duƙufa a kan handawut da tambayoyin jarrabawar bara, wasu kuwa wurin cajin waya ne kawai ya kawo su. Kusan duk abin da ake karantawa a wannan lokaci daga waje aka shigo da shi, kuma da shi za a fita. Sashen manazarta, da sashen mujallu da jaridu, da sashen takardun gwamnati, ba kasafai ake ganin ɗalibin digiri na farko a cikinsu ba, sai fa idan ya kai shekarar ƙarshe malami ya matsa masa a kan kundin bincike.

A ɗaya gefen kuma, mu dubi yadda yaro yake zaɓen abin da zai karanta. Uba yana so a kira ɗansa likita, uwa ta ji an ce ɗan maƙwabta ya zama lauya, shi kuwa yaron ya cike takardar JAMB a cibiyar rajista, inda ma'aikacin wurin ne ya zaɓa masa rabin abin da ke ciki. Idan makin bai kai ba, sai makaranta ta tura shi wani sashe, ya karɓa yana cewa Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri, ya gama, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya fara tambayar abin da ake yi da wannan takarda. Addu'ar tana kan hanya, amma ba ta hana bincike ba. Manufar ilimi ta ƙasa tun daga ta 1977 ta tanadi a samar da malaman ba da shawara a makarantu, sai dai a sakandare da yawa ko dai babu su sam, ko kuma an ɗora musu darussan aji saboda ƙarancin malamai. Saboda haka ɗalibi yakan iso babbar makaranta ba a taɓa zaunar da shi a kan wannan magana ba, kuma laburare ne wurin da zai iya cike wannan giɓi da kansa, ba tare da ya ƙara ko sisi a kan abin da ya riga ya biya lokacin rajista ba.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara bincikawa shi ne ƙofar shiga aikin, domin a Najeriya ayyuka da yawa doka ce ta tsare ƙofarsu, kuma digiri ko difloma ita kaɗai ba ta buɗe ta. Da farko akwai tantance kwas, wanda Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, take yi wa jami'o'i, hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna take yi wa kwalejojin kimiyya da fasaha, hukumar NCCE kuma take yi wa kwalejojin ilimi. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, kwas-kwas ake tantancewa, ta yadda makaranta za ta iya zama halastacciya amma wani sashe a cikinta bai sami amincewa ba. Bayan wannan kuma akwai majalisun ƙwararru. Injiniya sai ya yi rajista da COREN, wadda aka kafa a 1970, kafin doka ta yarda ya ɗauki wannan laƙabi. Mai digirin shari'a sai ya bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ɗaya daga cikin rassanta yake Bagauda a jihar Kano, kuma an ƙayyade wa kowace tsangayar shari'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kamar yadda majalisar likitoci, MDCN, ta ƙayyade wa makarantun likitanci nasu adadin. Malamin makaranta yana buƙatar rajistar TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, bayan ya ci jarrabawarta. Akanta yana da hanyar ICAN, wadda take tun 1965, ko ta ANAN mai kwalejinta a kusa da Jos. Dokokin da suka kafa waɗannan majalisu suna cikin kundin dokokin tarayya da ake ajiyewa a laburare, jerin makarantun da suka amince da su kuma yana shafukansu na intanet, waɗanda za a iya buɗewa a kwamfutocin laburaren.

Ba don ƙawata magana na jero waɗannan sunaye ba. A unguwarmu akwai wata yarinya marainiya da danginta suka yi karo-karo suka sa ta a wata makarantar koyon aikin jinya mai zaman kanta, irin waɗanda suka yi ta tsirowa a gidajen haya a 'yan shekarun nan. Ta sa fararen kaya, ta je asibiti koyon aiki, aka yi bikin yaye su da hotuna da rabon abinci. Sai da ta nemi aiki aka tambaye ta lambar rajista da lasisi, sannan ta gano cewa majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ba ta san da zaman makarantar ba, balle a ce an shigar da sunanta cikin jerin ɗaliban da za su zauna jarrabawar majalisar. Tana da 'yan'uwa a jami'a, kuma yini guda a gaban kwamfutar laburare ya ishi ɗayansu ya duba ko sunan makarantar yana cikin jerin da majalisar take wallafawa, amma babu wanda ya san akwai irin wannan jerin.

Daga ƙofar shiga sai abin da za a koya a ciki. Kundin bayanan kwasa-kwasai na JAMB yana fayyace darussan sakandare da kowane kwas yake buƙata da kuma haɗin darussan da za a zauna a jarrabawa, kuma kowace shekara akwai yaran da suke cin maki mai kyau amma su rasa gurbi saboda sun yi haɗin da bai dace ba. Ga wanda ya riga ya shiga jami'a kuwa, akwai sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wadda ake kira CCMAS, inda hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar ta bar wa kowace jami'a kashi 30. A ƙarƙashin kowane kwas an rubuta manufarsa, da darussansa, da ƙwarewar da ake sa ran wanda ya gama zai fita da ita zuwa wurin aiki. Ɗalibin da aka tura sashen da bai nema ba, maimakon ya shekara huɗu yana ƙunci, ya kamata ya karanta waɗannan shafuka ya ga inda kwas ɗin yake kai mutum, sannan ya yanke shawarar zama ko neman canji tun yana aji ɗaya.

Littattafan jagorar zaɓen sana'a ma suna da mazauninsu sananne a kan kanta. Yawancin jami'o'inmu suna jera littattafai ne bisa tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, kuma a wannan tsari za a same su daga lamba HF5381, a makarantun da suke bin tsarin Dewey kuwa a wajen 331.702. Akwai kuma wata jagora da ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka yake fitarwa tun 1949, mai suna Occupational Outlook Handbook, wadda yanzu ake karantawa kyauta a intanet. Tana bayyana abin da mai kowane aiki yake yi daga safe zuwa yamma, da yanayin wurin aikin, da irin halin da aikin yake buƙata, kuma ta wannan fuska tana da amfani ƙwarai, domin aikin mai ɗaukar hoton ƙashi ko mai safiyo bai bambanta sosai tsakanin ƙasa da ƙasa ba. Amma albashin da ke ciki da hasashen guraben aiki na Amurka ne, kuma ɗalibin da ya gina burinsa a kansu ya yaudari kansa.

Maganar albashi tana da nata takardun a gida, kuma babu kunya a neme su. Hukumar kula da albashi da kuɗaɗen shiga ta ƙasa ita ce take fitar da jadawalin albashin ma'aikatan tarayya, kuma ba iri ɗaya ba ne: ma'aikatan ofisoshi suna kan CONPSS, likitoci suna kan CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya suna kan CONHESS, malaman jami'a suna kan CONUASS. Kundin tsarin aikin gwamnati kuma yana nuna matakin da kowace takarda take shigar da mai ita, misali mai digiri na farko yakan fara ne daga mataki na 8, da sharuɗɗan ƙarin girma, da inda kowane rukuni yake tsayawa. Wanda ya ajiye waɗannan a gabansa, ya kuma tuna cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira dubu 70 ne, zai iya lissafa wa kansa ko aikin gwamnati kaɗai zai riƙe masa gida ko kuwa sai ya haɗa da wata sana'a.

A nan ne kuma ɗalibi zai koyi cewa alƙaluma ma sai an karanta su da lura. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sai ga shi ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama a tsakani ba. Hukumar ce ta canza ma'auni ta koma na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda yake ƙirga duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na ko da awa ɗaya a mako a cikin masu aiki. Wanda ya tsaya a kan kanun labari zai ɗauki ɗaya daga cikin alƙaluman nan biyu ya yi ta musu da shi a majalisa. Wanda ya buɗe rahoton kansa kuwa zai ga abin da ya fi shafarsa, wato mafi yawan masu aiki a ƙasar nan aikin kansu suke yi, masu karɓar albashi tsiraru ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗalibi ya sake duban abin da yake kira neman aiki.

Sashen jaridu yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Idan ɗalibi ya ɗauki jaridun wata shida ya bi tallace-tallacen guraben aiki a fanninsa, yana rubuta abin da masu ɗaukar aiki suke nema, zai ga wasu abubuwa suna ta maimaituwa, kamar wata manhajar kwamfuta, ko rajistar wata majalisa, ko shekarun gogewa, ko iyakar shekarun haihuwa, kuma zai gane tun yana aji biyu abin da ya kamata ya nema a gefe kafin ya gama. Rahotannin shekara-shekara na bankuna da kamfanoni kuma suna nuna abin da kamfani yake yi da inda yake faɗaɗawa, kuma wanda ya karanta su kafin ya shiga intabiyu ba zai yi kame-kame ba. Mai niyyar kafa sana'arsa kuwa ya nufi sashen kundayen bincike, inda ɗaliban da suka gabace shi suka yi rubutu a kan kiwon kaji, da sarrafa shinkafa, da cinikin hatsi, da sauran harkokin da ake yi a garuruwanmu, tare da lissafin jari da matsalolin da masu sana'ar suka faɗa da bakinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗora kundaye masu yawa a rumbunta na intanet mai suna Kubanni, kuma ko wanda ba ɗalibinta ba zai iya dubawa. Ba duka ne masu inganci ba, wasu kwafe-kwafe ne kawai, amma mai kyau a cikinsu ya fi jita-jitar bakin titi nesa ba kusa ba.

Irin wannan bincike yana faɗaɗa wa yaro duniya. A Zariya da kewayenta kaɗai, ban da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, da cibiyar fasahar sufuri, da cibiyar kimiyyar fata da ƙirgi. Kowace ɗaya tana horar da mutane ko tana ɗaukar ma'aikata a ayyukan da yaranmu ba su cika jin sunansu ba, kamar mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, da mai gyaran injin jirgi, da mai inganta irin shuka, da masanin abincin dabbobi, da mai sarrafa fata ta hanyar zamani. Ɗalibin da ya san da waɗannan wurare zai zaɓi inda zai yi koyon aiki na SIWES, shirin da yake tun 1973, da manufa, maimakon ya nemi ofishin wani kawunsa inda za a sa masa hannu a littafi ba tare da ya koyi komai ba.

Na san za a ce ai duk wannan yana cikin waya, mene ne na zuwa laburare. Gaskiya ne da yawa daga cikin takardun nan suna intanet, amma a intanet ɗin ne kuma shafukan bogi na ɗaukar ma'aikata suke, masu kama da na hukumomin gwamnati, inda ake karɓar kuɗin matasa da bayanansu, ga kuma dillalan da suke sayar da takardar ɗaukar aiki, lamarin da ya kai har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansa a 2023. Abin da waya ba ta da shi shi ne jami'in laburare. Wannan mutum karatun digiri ya yi a kan nemo bayani da tantance shi, aikinsa ma yana da majalisar rajista tun 1995, amma ɗalibai da yawa sun ɗauka mai gadin littattafai ne da yake hana surutu. Shi ne zai nuna wa ɗalibi bambancin shafin hukuma da na 'yan damfara, da yadda ake duba ranar da aka wallafa bayani, kuma a hannunsa mabuɗan rumbunan mujallu suke, irin su HINARI na fannin lafiya da AGORA na aikin gona, waɗanda makarantun ƙasashe masu tasowa suke samu kyauta ko a farashi mai rahusa. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda zai tambaya.

Ba zan ɗora wa ɗalibai laifin duka ba. A makarantu da yawa littattafan jagorar sana'a sun tsufa har sun daina amfani, jaridu an daina saya ko an daina ɗaure su, ɗakin kwamfuta kuma yakan kasance a kulle saboda babu wuta ko kuɗin intanet ya ƙare. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ware wa manyan makarantun gwamnati kuɗin bunƙasa laburare, kuma a 2024 ya ƙara da tallafin kafa cibiyoyin ba da shawara kan aiki. Tsorona shi ne kada a gina ofis, a saye kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, a liƙa allo a ƙofa, sannan a bar shi ba shi da wata alaƙa da laburare, inda ainihin kayan aikin suke. Abin da ake buƙata bai kai tsadar gini ba. A keɓe kusurwa ɗaya kusa da ƙofar shiga, a ajiye kundin JAMB na bana, da manhajojin kwasa-kwasan da makarantar take koyarwa, da jerin makarantun da majalisun ƙwararru suka amince da su, da jadawalin albashi, da rahotannin Hukumar Ƙididdiga, da sharuɗɗan rajistar kasuwanci na hukumar CAC, a buga su a takarda domin ranar da babu wuta, a kuma ɗora wa jami'i ɗaya alhakin sabunta su kowane zango.

Akwai kuma darasin amfani da laburare da wasu makarantu suke yi wa 'yan aji ɗaya a cikin darussan bai-ɗaya. Yadda ake yin sa a wurare da yawa, ɗaruruwan ɗalibai a babban zaure suna haddace ma'anar katalog, wato jerin littattafan da ke laburare, domin su ci jarrabawa, ɓata lokaci ne. Ina ba da shawarar a mai da rabin makin darasin ya zama aiki guda ɗaya: kowane ɗalibi ya zaɓi aikin da yake sha'awa, ya shiga laburare, ya rubuto shafi biyu ko uku a kan ƙofar shigarsa, da abin da mai aikin yake yi, da albashinsa ko ribarsa, da wuraren da ake ɗaukar masu yin sa, ya kuma nuna takardar da ya samo kowane bayani daga cikinta. Ta haka zai koyi katalog ɗin da hannunsa, kuma zai fita da abin da ya shafi rayuwarsa. Haka nan ya dace makarantu su riƙa gayyato tsofaffin ɗalibansu da suke aiki su zo laburaren su amsa tambayoyi, musamman mata ma'aikata, domin 'yan matanmu suna da tambayoyi a kan aikin dare, da canjin wurin aiki bayan aure, da hutun haihuwa, waɗanda ba za su yi wa namiji a bainar jama'a ba.

Tun da kuwa babban kuskuren yana faruwa ne kafin a shigo makarantar, ina roƙon jami'o'i da kwalejoji su riƙa buɗe wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare da iyayensu wannan kusurwa na wasu kwanaki kafin a fara sayar da takardar JAMB, ɗakunan karatu na jihohi irin na Murtala Muhammed da ke Kano da rassan Laburaren Ƙasa su ma su yi haka. Ku ma 'yan jarida kuna da rawar takawa, ya Edita. Yawancin takardun da na ambata da Turanci suke, iyayen da suke biyan kuɗin makarantar kuwa da yawansu Hausa suke karantawa. Da wannan jarida za ta ware shafi ɗaya a wata ta ɗauki aiki guda ta bayyana sharuɗɗansa da Hausa, ta buga jerin makarantun da aka amince da su a jihohinmu, da jami'an laburare sun sami abin da za su yanka su ajiye a wannan kusurwa da nake roƙo a keɓe.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
daga Zariya, jihar Kaduna.